Sharhi kan ƙunshin haɗin brunkager da na gwada a Aarhus

A makon farko na Disamba na shiga wani kanti a nan birnin Aarhus na ƙasar Danmak, na sayi ƙunshin haɗin brunkager, wato biskit ɗin nan mai launin ƙasa-ƙasa da mutanen Danmak suke gasawa gabanin Kirsimeti. Surukata ce take cika gwangwani da shi kowace shekara ta kawo wa jikokinta, kuma da Allah ya yi mata rasuwa bara, ban so yara su manta da ɗanɗanon hannun Farmor ba, kamar yadda suke kiran kakarsu ta wajen uba. Ni 'yar Numan ce, garin da 'yan mishan na Danmak suka sauka a 1913, amma ban taɓa sa wannan biskit a baki ba sai a gidanta.

Ƙunshin ya zo da garin kirfa da kanumfari da citta a haɗe, da yankakken almon, da ɓawon lemu da aka dafa da sukari, sai wata 'yar takarda ta farin gari mai suna potaske. Bota da sukari da ruwan sukari mai kauri da fulawa kuwa mai saye ne zai nemo. Potaske ɗin ya fi komai amfani, domin shi ne yake sa biskit ya baje ya yi ƙaras-ƙaras, kuma an auna shi daidai, sai dai a narkar da shi a cokalin ruwan sanyi. Da na gan shi kanwa ce ta faɗo mini a rai, amma ba abu ɗaya ba ne.

Bayanin da ke jikin kwalin bai gamsar da ni ba. An ce a narkar da bota da sukari a bar su su huce, ba a faɗi iya hucewar ba, ni kuma na zuba fulawa da sauran zafi, sai mai ya tsatso a saman kwaɓin. Na mulmula shi dogo-dogo, ya kwana a firiji, washegari na yanka shi siriri na gasa a zafin digiri 175 na minti 7. Faranti na farko ya ƙone a gefe saboda wasu yankan sun fi wasu kauri.

Babban ƙorafina shi ne kayan ƙamshin ba su da ƙarfi. Maigidana ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya yi shiru, sannan ya ce, "Maman yara, ya yi daɗi, amma na mahaifiyata yana ɗan cizon harshe." A kwaɓi na biyu na daka kanumfarin da ƙanwata ta aiko mini daga Yola, na ƙara rabin ƙaramin cokali, da ɗan citta. Tun biskit ɗin yana kan wuta ya shigo kicin ya tsaya a bakin ƙofa, bai ce komai ba, sai ya je ya ɗauko tsohon gwangwanin mahaifiyarsa.

Wanda bai taɓa yin brunkager ba, ƙunshin zai sauƙaƙa masa awo. Ni dai baɗi potaske kaɗai zan saya, in daka sauran da kaina, in kuma ninka kwaɓin, domin gwangwanin ya kusa ƙarewa alhali daren 24 ga wata bai zo ba.