Gargaɗi ga masu sayen tsofaffin agogo a Jidda da Makka

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, da alhazanmu masu zuwa Umara, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na Hausawa yana tallar tsofaffin agogon hannu, irin siraran nan marasa hayaniya masu maɗaurin fata. Ni ya ci ni riyal 3,500. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya ba ni ma ba nasa ba ne, kuma lambar a kashe take tun ranar da na gano.

Wanda bai san harkar ba zai ce me ya kai ni. Ai agogon nan suna da shiga rai. Faɗinsu bai wuce milimita 33 zuwa 36 ba, fuska fara ko ruwan madara, babu tarkacen lambobi, ga su shafal har su shige ƙarƙashin hannun jallabiya ba ka ji ba. Tun da kamfanin Patek Philippe ya fitar da agogonsa mai suna Calatrava a 1932 ake bin wannan fasali, Omega da Longines da Seiko duk sun yi nasu. Yanzu da matasa suka gaji da manyan agogo masu nauyin ƙwarya, kasuwar tsofaffin ta tashi. To sauƙin nan da ke burge mu shi ne ribar ɗan damfara: fuskar da ba ta da komai sai suna da 'yan sanduna goma sha biyu, kowane mai fenti zai iya buga ta. Masu tara agogo sun daɗe da sanin irin waɗanda ake harhaɗawa a Mumbai, a sabunta fuska, a sa inji daga wani agogon daban.

Nawa da sunan Omega ya zo, da tambarin Saudiyya na dabino da takubba biyu a fuska. Ya ce kyauta ce ta zamanin Sarki Saud, wani dattijo ya rasu magada ke son rabuwa da shi. Irin waɗannan agogon kyauta na gidan sarauta akwai su da gaske, shi ya sa ƙaryar ta zauna. Ya turo bidiyo yana murza kan agogon kamar yana wana shi, yana ta "Wallahi Alhaji, don kai namu ne, Balarabe ya taya dubu biyar na hana." Ya nemi arbun, wato kafin alƙalami, riyal 1,000 ta waya, sauran kuma muka haɗu bayan Isha'i a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a tsaye, yana cewa sauri yake zai kama motar Makka. Na ce a buɗe bayan, ya ce tsohon abu ne, buɗewa zai ɓata shi. A nan ya kamata in juya. Kunya ta hana ni, kada a ce na zargi ɗan uwa.

Bayan kwana biyu na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo. Ya ɗaga murfin, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, nawa ka biya?" Ƙaramin injin batir ne a ciki, an kewaye shi da zoben farar roba don kada ya yi ƙara. Sarki Saud ya yi mulki daga 1953 zuwa 1964, agogon quartz na hannu kuwa, wato mai irin wannan injin batir ɗin, bai shiga kasuwa ba sai Disamba 1969, da Seiko ya fitar da Astron. Dabarar da ta fi ba ni haushi ita ce hannaye biyu ne kawai a fuskar agogon, na awa da na minti. Babu na daƙiƙa, balle in ga yana tsalle ɗaya-ɗaya in gane na batir ne.

Dattijon ya nuna min abin da ake dubawa. Tsohon Omega na gaske lambarsa a jikin injin take, lambar samfurin kuma a cikin murfin baya, kuma dole shekarunsu su yi daidai da juna. Zinare na gaske yana da hatimi, kamar 750 ko 585. Nawa ruwan zinare ne, har ya fara koɗewa a gefe. Agogon da ya shekara sittin kuma fuskarsa na ƙyalli kamar jiya aka yi ta, a tambayi dalili.

Kada ku tura ko halala ɗaya kafin a buɗe baya a gaban mai gyaran da ku kuka zaɓa, da rana, a shago. In daga shago kuka saya ku karɓi fatura, domin da ita za ku iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900. Ni ba ni da ko takarda.

Jiya wani abokina a Makka ya turo min hoton agogo iri ɗaya sak, daga sabuwar lamba. Wannan karon wai na wata Hajiya ce da mijinta ya rasu.