Yamai, Landan ko zaman jira a Abuja: ina za ka je ka ga gwanin jitarka ido da ido?

Wani ƙanena da muke unguwa ɗaya a Kubwa ya ishe ni da Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine ɗan Nijar. Duk safiyar da na rage masa hanya zuwa Wuse, kafin mu kai Gwarimpa ya haɗa wayarsa da rediyon motar, jita tana ta kuka har mu iso. Ran nan muna cikin cunkoso ya ce, "Yaya, na ɗan tara abin da na tara, so nake in ga mutumin nan yana kaɗawa da idona. Ina zan nufa?" Amsar ta fi ƙarfin hirar mota, shi ya sa na zauna na rubuta ta, ko wani mai irin ciwonsa zai amfana.

Kiɗan nan Turawa suna danganta shi da bulus (salon kiɗan baƙaƙen Amurka nake nufi, ba Bulus maƙwabcinka ba) haɗe da rok, masu shi kuwa, Abzinawa, suna ce masa assouf, wato kewa. Kuma ba baƙonmu ba ne. Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin Turai ta san da shi. Bombino, ɗan yankin Agadas, faifansa na 2018 ne ya kai shi takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, ɗan Nijar na farko da ya taka wannan matsayi. Abin haushin shi ne maƙwabtanmu ne, amma jadawalin wasanninsu Turai da Amurka ya fi karkata.

Mafi arha shi ne ka zauna a Abuja ka jira. Ka riƙa leƙa shafukan mawaƙin da na cibiyoyin al'adu irin ta Faransa da ke Wuse 2, musamman wajen 21 ga Yuni da ake bikin ranar kiɗa. Ba fasfo, ba biza, kuɗin mota kawai. Sai dai jiran gawon shanu ne, ba ka da ta cewa a kan rana, ba ka da ta cewa a kan wanda za a kawo. In kowane makaɗi mai kyau ya ishe ka, zauna abinka. In mutum ɗaya ne a ranka, tashi.

Nijar ita ce ta fi jan hankalina, ita ce kuma ta fi bukatar a yi mata lissafi. Daga Sakkwato ka bi Illela ka tsallaka Ƙonni, daga nan zuwa Yamai sama da kilomita 400. Hausa za ta kai ka ta dawo da kai, tuwo ba zai gagare ka ba, sefa kuma ka canza tun a wurin 'yan canjin Zone 4 da ke Abuja kafin ka tashi. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Ka kuma tambayi halin da boda take ciki a makon da za ka tafi, ba labarin bara ba: an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke shiga da fita sun fi intanet sanin abin da ake ciki.

Matsalar Nijar ba tikiti ba ce, sanin rana ce. A can kiɗan jita na biki ne. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, a tada janareto, a jingina lasifika biyu uku, matasa da rawuna su kewaye, ƙura tana tashi, ana liƙi. Sautin ba shi da tsabtar na Turai, wani lokaci lasifikar har tsatstsage take yi, amma a nan kiɗan yake a gidansa. Irin wannan ba a sayar da shi a intanet, sai kana da mai masauki da zai bugo ya ce ranar kaza wane zai yi wasa a wuri kaza. Ba tare da shi ba, kana iya yin mako a Yamai ka dawo da kilishi kawai, gwanin naka yana can Jamus. Agadas kuwa, duk da can ce cibiyar, ta fi kilomita 900 daga Yamai, kuma hanyar arewa ba ta ɗan yawon buɗe ido ba ce a wannan yanayi na tsaro. Ni dai ban ba ƙanena shawarar ya je shi kaɗai ba.

Saura Turai. A nan rana tabbatacciya ce, ana sanar da ita watanni kafin lokaci, amma tikitin shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin. Bizar Shengen, mai shigar da kai yawancin ƙasashen Turai, kaɗai yuro 90 ce, ta Ingila ta haura fam 100, ban da kuɗin jirgi da masauki, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Na taɓa yin gaggawa na sayi tikitin wani wasa kafin in nemi biza, takardun suka dawo bayan an yi an gama, na ƙare da kallon guntayen bidiyon da wasu suka ɗauka da waya. Tun daga nan ƙa'idata ita ce in haɗa kallon da wata tafiya da ma za a yi, aiki ko ziyarar ɗan'uwa, in kuma sayi tikitin daga shafin zauren ko na mawaƙin, inda aka yarda ka sayar wa wani in tafiya ta fasu. Masu sayarwa ta bayan fage a Facebook, bar su da kayansu.

In gwaninka Ba'amurke ne ko Bature, irin su Joe Bonamassa ko Eric Clapton, da ma wannan ce hanyarka, kuma manyan zaure ne irin Royal Albert Hall na Landan mai ɗaukar sama da mutum 5,000. Kujerar can sama tana da sauƙi, amma makaɗin kamar ɗan tsana za ka hango shi.

Tsakanin babban bikin bazara da ƙaramin zaure, ni ƙaramin zaure nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. A biki mawaƙa da yawa ne, naka zai samu awa ɗaya ko ƙasa da haka, kana nesa kana kallon majigi. A wasansa na kansa ya kan kai awa ɗaya da rabi, kuma tikitin tsaye, wanda galibi ya fi arha, shi ne ke kai ka bakin dandamali in ka zo da wuri. Sauti ya fi daɗi a tsakiya kusa da teburin mai daidaita murya, yatsu kuwa sai a gaba. Mdou bahago ne, wuyan jitarsa hagun 'yan kallo yake kallo, don haka ka ɗan karkata can. Ka sayi abin toshe kunne, domin ƙarar irin wuraren nan tana kai desibel 100, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa wuraren kiɗa a 2022. Ka kuma sani yawancin ƙananan zauren suna sayar da giya a ciki, sannan a watan Yuni magaribar Landan sai bayan ƙarfe 9 na dare, daidai lokacin da babban makaɗi ya saba hawa, sai ka tsara sallarka tun kafin ka shiga.

Ƙanena dai fasfonsa ma saura wata huɗu ya ƙare, ga shi ba shi da kowa a Turai. Amma akwai wani Ba'abzine mai sayar da kayan azurfa da yake ciniki da shi, 'yan'uwansa suna Yamai. Na ce ya fara sabunta fasfon, ya kai wa mutumin sukari da ganyen shayi, ya karɓi lambar ɗan'uwan nasa.