Dattijon Kwakwaci da sarƙar taimin ta tsohuwar 307D

Idan kana da tsohuwar Marsandi mai shan gas a Kano, irin 207D ko 307D ko ma 240D, kuma injinta ya fara ƙarar karaf-karaf da sassafe, akwai wani dattijon bakanike a wajen Kwakwaci, kan titin Katsina, da zan iya tura ka wurinsa hankalina kwance. Garejin ba shi da allo. Rumfar kwano ce da rami ɗaya da dogon benci, sai yara 'yan koyo. Amma kada ka je masa kana gaggawa, kuma ka lulluɓe kujerunka da leda tun daga gida.

Motar tawa ba kasafai ake ganin irinta a garin nan ba. 307D ce da Turawa suka gina wa ɗaki a baya, da gado da ɗan murhu da kabad da tankin ruwa, ta Kwatano ta shigo. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse ce, idan aiki ya kai mu ƙauyukan Jigawa ko wajen Sumaila da Tudun Wada, a cikinta nake kwana, ba sai na ɗora wa mai gari nauyin masauki ba. Marsandi ta fara ƙera wannan samfurin a 1977 a garin Bremen na Jamus, ba ta daina ba sai 1995, kamfanoni irin su Hymer da Westfalia kuma suka riƙa gina ɗakuna a kansa. Injin da ke cikin tawa OM616 ne, silinda huɗu, lita 2.4, shi ne dai na cikin 240D. Ƙarfinsa doki 72 ne a takarda, da su yake jan abin da ya doshi tan uku. Motar haya takan sauke fasinja ta huta, wannan kuwa ko babu kowa a ciki ɗakinta na bayanta, kullum a loda take.

Abin da ya kai ni gareji ya taru ne a hankali. Da sanyin hunturu sai na yi ta ba ta kik kafin ta kama, in ta kama sai ta yi ta fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido har maƙwabta su rufe taga, ga wata ƙara daga gaban injin da ke ɗaukewa bayan baƙin mai ya zagaya. A hanya kuma ƙarfinta ya ragu, hawan da take yi a giya ta uku ya koma sai ta biyu. Makanikan da na fara nuna wa duk bakinsu ɗaya: "Alhaji, injin ya gaji, a sauke shi a sa ɗan Beljiyam." To amma ɗan Beljiyam ɗin daga ina? Tun ƙarshen shekarun 1980 Marsandi ta maye gurbin wannan injin da OM601 a cikin irin waɗannan motoci. Duk wanda za a kawo min daga kasuwa ya haura shekara talatin, da sarƙar taimin ɗinsa, wadda ke haɗa ƙasan injin da samansa, da ba wanda ya taɓa dubawa. Sai in biya kuɗin injin sukutum in sayo irin ciwon da nake gudu.

Dattijon nan bai ce min komai game da ciwon ba ranar farko. Ya ce in bar ta ta kwana, yana son ya ji ta da sanyi. Washegari ya tayar da ita, ya kafa dogon sukundireba a gaban injin ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya kashe, ya sa yara suka cire murfin injin na cikin mota, domin rabin injin 307D a ƙarƙashin dashbod yake, ta gaba kaɗai hannu ba ya isa. Daga nan ya buɗe murfin bawul.

Abin da ya yi bayan haka shi ya sa nake wannan rubutun. Ya sa soket mai lamba 27 a kan notin karanshaf, wato sandar ƙasa da fistoci ke juyawa, ya riƙa juya injin a hankali ta ɓangaren da yake juyawa in yana aiki, har alamar da ke jikin kamshaf, sandar sama mai buɗe bawul, ta zo daidai da wadda ke kan na farko cikin ginshiƙan da ke riƙe da shi. Sai ya kira ni, ya haska min fulen ƙasa da fitilar waya. Akwai lambobin digiri a jiki, da wata allura da ke nuna su. Da sarƙar lafiyarta ƙalau, da allurar ta tsaya a kan sifiri ko dab da shi. Tawa ta wuce da digiri 9. Ya sake zagayowa ya auna, 9 ɗin dai. Ya ce, "Ka gani da idonka, Alhaji. Injinka bai mutu ba, makara yake yi."

Sarƙar taimin ita ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama, a wannan injin kuma ita ce ke juya famfon injakta. Mai layi biyu ce, ƙarfe zalla, tana wanka cikin baƙin mai. Ba miƙewa take yi ba, 'yan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta ƙara ɗan sarari da ido ba ya gani, amma in aka tara na gaɓa sama da ɗari sai ya zama tsawo. Da zarar ta ƙara tsawo, bawul zai riƙa buɗewa a makare, famfo ma ya riƙa fesa gas a makare, shi ne wahalar tashin da farin hayaƙin. Abin da ke cin ƙusoshin kuwa baƙin mai ne da ya daɗe ba a juye ba, ga toka irin ta injin gas, ga ƙurar hanyoyinmu. Mota mai ɗaki tana da nata ƙarin ciwon: takan yi watanni a ajiye, mai ita ya dubi mita ya ga ba ta yi tafiya ba, ya ce man bai isa juyewa ba, alhali robobin da sarƙar ke gogawa a kansu shekaru ma suke ƙirgawa, ba kilomita kaɗai ba. Haɗarin kuma ba ƙarami ba ne. Matsin wannan injin 21 ne a kan 1, tsakanin fistan da bawul kusan babu sarari. In sarƙar ta tsinke ko ta tsallake haƙori a kan hanya, fistan zai doki bawul, kamshaf ko ginshiƙansa su karye. A lokacin ne maganar ɗan Beljiyam za ta zama dole.

Na tambaye shi ko akwai gyara mai sauƙi. Ya ce akwai ɗan makullin kamshaf mai karkata da Marsandi ta yi don a rama digiri kaɗan, amma shi ba zai sa shi a kan sarƙar da ta kai haka ba, alamar kawai zai gyara, ƙusoshin na nan a cinye. Na ji daɗin wannan amsar, don kuɗin makullin ba komai ba ne, da ya so da ya sa ya karɓi ladansa ya sallame ni.

Neman kaya ya fi aikin kansa wahala. Bai yarda ya sayo da kansa ba, ya ce kada gobe in yi zargin ya ɗora riba. Na zaga Ƙofar Ruwa, na zaga Sabon Gari. A wani shago aka ba ni sarƙa cikin kwali mai ƙyalli, kuɗinta ma da sauƙi, mai shagon ya yarda in kai a duba. Dattijon ya zare ta, ya kwantar da ita ta gefe ya riƙe kai ɗaya a iska, sai ta lanƙwasa kamar wutsiyar saniya. Ya duba gaɓoɓin, babu tambarin kowa. Ya mayar cikin kwali ya miƙo min ba tare da ya ce uffan ba. Ta Iwis yake so, kamfanin Jamus da ke garin Munich, wanda ke yi wa Marsandi sarƙa, kuma sunansu a buge yake a jikin gaɓoɓin. A ƙarshe daga kasuwar Ladipo ta Legas aka ɗoro min ita a motar dare, tare da tenshina mai danne sarƙar don kada ta yi sako-sako, da robobi biyu, da gaskit na murfin bawul. Duk wanda zai yi wannan aikin ya fara neman kayan kafin a buɗe injin, kada motarsa ta zauna baki buɗe tana jiran saƙo.

Aikin da kansa bai sauke injin ba, bai ma ɗaga tof silinda ba. Ya cire hita fulogi huɗun don injin ya juyu da sauƙi, ya cire rokokin bawul da tenshina, ya ɗaure tsohuwar sarƙar a jikin giyar kamshaf da waya. Sannan ya cusa tsummoki masu tsabta ya toshe ramin da sarƙar ke gangarawa, don kada garin ƙarfe ko wata 'yar gaɓa ta faɗa ƙasa, kafin ya goge kan ƙusoshin gaɓa ɗaya da giranda. Ya haɗa kan sabuwar da wutsiyar tsohuwar. Mutum uku suka yi aikin: babban yaronsa na ƙasa yana juya karanshaf, wani yana jan tsohuwar tana fitowa, shi kuma ya danne sabuwar a kan haƙoran giyar da tafin hannunsa. Abin da ake tsoro a nan shi ne sarƙar ta yi sako-sako ta tsallake haƙori a kan famfon injakta, ko ta suɓuce ta faɗa ciki. Kalmarsa ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, "Sannu. Sannu. Tsaya. Sannu." Da wani ya zo gaishe shi a tsakiyar aikin, ko ɗago kai bai yi ba, sai da aka gama ya bi shi ya ba shi haƙuri.

Da kan sabuwar ya zagayo, gaɓar haɗin ba ta kilif ya sa ba, irin wadda ake sa wa babur. Yana da wani tsohon matsi na ƙarfe, a naɗe cikin tsumma a ƙasan akwatinsa, da shi ya baje kan ƙusoshin suka zama kamar na sauran gaɓoɓin. Na sha ganin ana yin wannan da guduma biyu a wasu wuraren. Robar sama ta ci har sarƙar ta yi mata kwari biyu, ya canza ta. Ta jikin tenshina sai da ya cire lagireto da fulen gaba kafin ya kai gare ta. Ya kuma cire famfon iskan birki ya duba boris ɗinsa, ya ce a waɗannan injinan in boris ɗin nan ya farfashe cikin ramin sarƙa yake zubewa, ya kashe sabuwa da tsohuwa. Nawa lafiya lau. Ta wannan kafar ya haska robar can ƙasa, ya ce za ta iya jira, ya kuma faɗa min ƙarara cewa bai taɓa ta ba.

Bayan haka ya sake aunawa, allura ta zauna a kan sifiri. Ya saita famfon injakta a kan digiri 24 kafin fistan na farko ya kai sama, ta hanyar ƙirga ɗigon gas daga wani lanƙwasasshen bututu, ya saita bawul da sanyi, na shan iska 0.10, na hayaƙi 0.30 na milimita. Ya juye baƙin mai ya canza filta. Ya zagaya injin da hannu sau biyu cur kafin ya yarda a taɓa makulli.

Yanzu ga inda garejin ya gaza. Dattijon ba ya ɗaga waya. In ka kira, ko ta yi ta ringi, ko yaro ya ɗauka ya ce Baba na salla, ko da ƙarfe sha ɗaya na safe ne. "Gobe in Allah ya yarda" ɗinsa tana da tsawo, kuma ba zai gaya maka dalili ba sai ka je da ƙafarka ka tarar yana ƙarƙashin motar wani. Rumfar ba ta da bango, aikin kuma ya faɗo cikin hazo, duk da yana rufe injin da buhu kowace yamma, ban so ganin kamshaf ɗina tsirara cikin wannan ƙurar ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ɗakin. Tunda ta cikin mota ake shiga wa injin, yaran sun yi ta shige da fice, na tarar da shatin hannu na baƙin mai a labule da ƙofar kabad, katifar kuma da alama wani ya yi ƙailula a kanta. Da na yi magana ya yi musu faɗa sosai, ya sa suka wanke, amma labulen bai koma yadda yake ba. Rasit kuma babu, garanti na baki ne.

Kuɗin aikinsa bai kai na kayan ba, kuma abin da ya faɗa tun farko shi ya karɓa, bai ƙara ko sisi ba don cire lagireto. Tsohuwar sarƙar da robobin ya zuba min a leda ya ce in tafi da abina.

Motar yanzu kik ɗaya take tashi bayan hita ta yi zafi, farin hayaƙin ya tsaya a ɗan abin da ba a rasa ba na minti ɗaya, ƙarar safiyar ta ɗauke. Ba ta zama mai gudu ba, tsakanin 80 da 90 take tafiyarta, tirela ma takan wuce ni a hanyar Wudil. Amma hawan da ke gaban Tudun Wada wajen dajin Falgore ta koma cinye shi a giya ta uku, da tankin ruwa cike.

Mai sabuwar mota da ake jona wa kwamfuta kada ya ɓata man sa, dattijon ba ya taɓa su, zai tura ka gaba. Mai tsohuwar Marsandi kuwa ya je da safe tsakanin Litinin da Alhamis, ya tambayi masu shayin bakin titi inda Baba mai Marsandi yake, ya kuma kulle ƙofar ɗakin baya ya tafi da makullin.