Kwamfuresa da ikwalaiza a kiɗan rawa na lantarki: waɗanda na riƙe da waɗanda na ajiye

Duk wanda ya daɗe yana haɗa kiɗan rawa a kwamfuta ya san jarabar tara fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ƙarawa a cikin babbar manhajar haɗa kiɗa. Yau a ce maka wannan kwamfuresa ce sirrin manya, gobe a ce waccan ikwalaiza ce, ka wayi gari jerin kayan aikinka ya fi na waƙoƙin da ka kammala tsawo. Ni a manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live nake aiki, yawanci house da tekno, tsakanin bugu 122 zuwa 128 a minti. Na jima ina gwama kayan kamfanin FabFilter guda biyu, ikwalaizar Pro-Q 3 da kwamfuresar Pro-C 2, da waɗanda suka zo a cikin Ableton ɗin, wato EQ Eight da Glue Compressor, sai kuma na kyauta irin su TDR Nova da OTT. Abin da na gani shi ne ikwalaizar ta ci kuɗinta, kwamfuresar kuwa tana da kyau amma ba dole ba ce. Dalilin yana cikin yanayin kiɗan kansa.

Asalin aikin kwamfuresa shi ne daidaita sautin da ke hawa da sauka: mawaƙin da ke raɗa a wannan baiti ya kwarma ihu a na gaba, ko makaɗin da bugunsa na yanzu ya fi na ɗazu ƙarfi. Don irin wannan aka ƙera na'urori kamar 1176, wadda Bill Putnam ya fitar a 1967. To amma a kiɗanmu kik ɗin, wato bugun babbar ganga, samfur ne guda ɗaya da ake ta maimaitawa, ko daga na'urar ganga TR-909 ta Roland ta 1983 aka ɗauko shi ko daga wani wuri. Bugu na farko da na ɗari biyu ƙarfinsu ɗaya. Bes ɗin ma, wato sautin kaɗe-kaɗe mai kauri na ƙasa, sintisaiza (na'urar ƙirƙirar sauti) ce ta fitar da shi, a miƙe yake. Me za a daidaita? Shi ya sa a nan kwamfuresa ta koma abin sa kiɗa motsi da numfashi, kuma kusan kowace mai inganci za ta iya wannan. Rigimar gaske tana wajen cunkoso: sintisaiza biyar, kowacce ta cika wuri tun daga ƙasa har sama, ga kik ga bes suna kokawa a ƙasa da Hz 100 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne: ƙaramar lamba, sauti mai kauri). Wannan aikin ikwalaiza ne, mai rage ko ƙara wani yanki na sauti, kuma shi ne ke cinye yawancin lokacin mai haɗa kiɗa.

Pro-Q 3 ta fito ne a 2018 daga FabFilter, kamfanin nan na Amsterdam. Bari in faɗi wani abu tun da wuri: ba ta fi EQ Eight daɗin sauti ba. Idan na rage desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) a Hz 300 da faɗi iri ɗaya a dukansu biyu, kunnena ba ya bambance su. Duk wanda ya ce maka ya saya don sautin ya fi tsabta, ka ce ya rufe ido a gwada shi. Abin da ka saya shi ne sauri, da kuma wasu abubuwa biyu zuwa uku da ke sauƙaƙa aiki ƙwarai.

Na farko, tana ganin 'yan uwanta. Ka ɗora ɗaya a kan kik, ɗaya a kan bes, ka buɗe ta bes ɗin ka zaɓi kik a jerin da ke ƙasa, sai zanen sautin kik ya bayyana a bayan na bes, inda suke cin karo kuma ya yi ja. A wata waƙa da na yi a kan G, tushen bes ɗin yana wajen Hz 49, kik ɗin kuma nauyinsa yana kusa da 55. A ƙananan sifikoki ba ka jin komai sai ɗan duhu, amma a manya ƙasan waƙar yana ta kumbura yana sacewa, domin igiyoyin biyu wani lokaci su haɗu su ƙaru, wani lokaci su cinye juna. Jan ya nuna mini wurin nan take. Sai na kafa zango ɗaya, wato yankin sautin da ikwalaiza za ta taɓa, a kan bes a daidai nan, na mai da shi mai motsi, na sa kik ya zama mai ba shi umarni: da kik ya sauka sai wannan zangon kaɗai ya dusashe da desibel 5 ko 6, da ya wuce ya dawo. Saman bes ɗin, inda gurnaninsa yake, bai ko motsa ba. Kik ya fito fes, bes bai rame ba.

Na biyu shi ne wannan zango mai motsi, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake buɗe ta a kusan kowane layi. Sintisaiza mai kaifi takan yi tsini a wajen Hz 3,000, inda kunnen ɗan Adam ya fi saurin gajiya, amma ba kullum ba, sai lokacin da matatar sautin ta buɗe. In ka yanke wurin dindindin, sautin ya mutu a sauran waƙar. In ka bari, ya soki kunne a ƙololuwa. Da zango mai motsi sai ya danne tsinin lokacin da ya taso kawai. A Pro-Q 3 ita ce ke zaɓar saurin kamawa da na saki da kanta, kuma yawanci zaɓinta ya yi. Sai a Pro-Q 4, wadda ta fito a ƙarshen 2024, aka ba mutum damar saita su da hannu. TDR Nova kuwa tun can tana da wannan damar a zangunanta huɗu, kuma kyauta ce. Wanda bai shirya sayen komai ba, to ya fara da ita, ba zai yi da-na-sani ba. Sai dai zango huɗu ba 24 ba ne, kuma jan linzami a cikinta bai kai na Pro-Q santsi ba.

Na uku shi ne kowane zango kana iya cewa tsakiya kawai zai taɓa ko gefe kawai. Nakan yanke gefe daga Hz 120 zuwa ƙasa a kan duk abin da ke da faɗi, saboda sautin ƙasa ya tsaya a tsakiya daram. Sifikokin ƙasa na gidajen rawa da yawa a haɗe suke fitar da hagu da dama, kuma bes mai faɗi yakan ɓace a cikinsu. EQ Eight ma tana yin wannan, sai dai sai ka juya na'urar gaba ɗaya zuwa wannan tsari.

Akwai tarko guda biyu a tattare da ita, kuma duk ba laifin manhajar ba ne. Zanen allon yana da kyau har ya kai gani ya kori ji: ka ga ɗan tudu a zane sai hannunka ya kai masa yanka, alhali kunne bai yi ƙorafi ba. Na san waɗanda ke kafa ramuka goma a kan fiyano ɗaya, su bar shi kamar an yi masa aski da gatari. Ni yanzu sai na ji abu ya dame ni tukuna nake kallon zanen don in san inda yake. Tarko na biyu shi ne tsarin Linear Phase. Sunan yana da kwarjini, mutane sukan ɗauka shi ne mafi inganci su kunna shi ko'ina. A kan kik yana haifar da wani ɗan amo da ke riga bugun fitowa, ya tausasa kan bugun, ga jinkirin da yake ƙarawa. A kan ganguna ina barin ta a Zero Latency. Haka ma yankan ƙasa mai tsananin gangara: tana ba ka har desibel 96 a kowane oktaf, amma in ka sa wa kik irin wannan a Hz 30, siffar igiyar takan canza har ƙololuwar sautin ta ƙaru maimakon ta ragu. Desibel 12 ko 24 sun isa.

Yanzu ga kwamfuresa. Aikinta mafi shahara a wannan kiɗa shi ne saidicen, wato kik ya riƙa danne sauran kaya duk lokacin da ya buga, kiɗan ya riƙa shaƙa yana fesarwa. Makaɗan house na Faransa a ƙarshen shekarun 1990 sun yi suna da wannan salo, kuma na'urar da aka fi danganta shi da ita ita ce Alesis 3630, wadda ta masu ƙaramin ƙarfi ce ba ta manyan situdiyo ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa saiti ne ke aikin.

Saitin kuwa lissafi ne. Ka raba 60,000 da gudun waƙar: a bugu 128 a minti, tsakanin kik da kik milisakan 469 ne, rabinsa 234. Idan bes ɗinka yana faɗowa a tsakanin bugu biyu, dole sautin ya gama dawowa kafin wannan 234 ɗin, in ba haka ba kan notin zai fito a danne. Pro-C 2, wadda ta fito a 2015, tana da salo takwas, ɗaya daga ciki sunansa Pumping, kuma don wannan aiki aka yi shi. Abin da na fi so a cikinta shi ne zanen da ke gudana yana nuna yadda take danna da yadda take saki, ka ga da idonka ko ta dawo a kan kari. Tana kuma iya leƙen sautin da ke tafe har milisakan 20 kafin ya iso. Wannan yana da amfani a kan bes na can ƙasa, domin igiya ɗaya ta Hz 50 milisakan 20 take ɗauka, kuma kwamfuresar da ta cafke ta farat ɗaya a tsakiya takan bar wani ɗan ƙas a kowane bugu. Da leƙen sai ta fara saukar da sautin a hankali kafin kik ya iso.

Duk da haka, ga kik mai bugu huɗu a jere ba canji, na koma kan masu zana ƙarfin sauti, irin su LFOTool na Xfer Records ko ShaperBox na Cableguys. Ka zana gangaren da hannunka, ya maimaitu daidai a kowane bugu, ko ka canza kik ba abin da zai taɓa shi. Da kwamfuresa kuwa, ka sauya kik mai gajeren jela da mai dogo, numfashin waƙar gaba ɗaya ya canza. Akwai dabarar da ke magance hakan ko da kwamfuresar Ableton ta yau da kullum: ka buɗe layi na daban, ka jera wani ɗan gajeren sauti a daidai inda kik yake, ka hana shi fita sifika, ka sa shi ya zama mai ba da umarnin. Ko a wurin da ka cire kik daga waƙar, numfashin zai ci gaba.

Wajen haɗa kan ganguna kuwa, Glue Compressor ba ta bar wa kowa wuri ba a wajena. Ta zo ne da Live 9 a 2013, kamfanin Cytomic ya gina ta a kan tsarin kwamfuresar teburin haɗa sauti na kamfanin SSL na shekarun 1980. Zaɓinta kaɗan ne, ƙarfin matsa 2 ko 4 ko 10, kuma wannan ƙarancin alheri ne. Nakan sa saurin kamawa a milisakan 10 ko 30 don kan bugun ya tsere kafin ta rufe, saki a kan na atomatik, in matsa har allurar ta riƙa taɓa desibel 2 zuwa 3. Tafi da hai-hat da ƙananan ganguna, waɗanda kowanne daga jakar samfur daban ya fito, sai su fara motsi tare. In kik yana cikin rukunin, sai na tace abin da take saurare daga Hz 100 zuwa ƙasa, don kada shi kaɗai ya riƙa juya ta. Salon Bus na Pro-C 2 yana kusa da wannan, amma hannuna ya fi saurin kaiwa ga Glue.

OTT ita kuma wata aba ce daban. Asalinta saiti ne a cikin Multiband Dynamics na Ableton, Xfer suka mai da shi fulogi mai zaman kansa. Tana raba sauti gida uku, ta danne mai ƙarfi ta kuma ɗago mai rauni, shi ya sa sintisaiza ke fitowa tana ƙyalli ta cika fuska. Tana buɗewa ne da Depth a kan 100, kuma a haka za ta ɗago maka jelar amsa-kuwwa da duk wani shuu da ke ɓoye. Tsakanin 15 da 30 nake tsayawa, a kan sintisaizar da ke jan waƙa kawai. In ka sa ta a layi takwas, waƙar za ta yi haske na minti ɗaya sannan ta gajiyar da kunne. Kuma ko wace kwamfuresa kake gwadawa, ka daidaita ƙarfin fitarta da na asali kafin ka yanke hukunci, don abin da ya fi ƙara kullum ji ake kamar ya fi daɗi.

Inda Pro-C 2 ta ƙwaci kanta a wajena shi ne murya. Ita ce abu ɗaya a waƙar da ɗan Adam ya yi da bakinsa, tana hawa tana sauka, kuma dole ta tsaya a gaban katangar sintisaiza. Salon Vocal yana zaɓar ƙarfin matsa da kansa, kai dai ka ja iyakar ƙasa har muryar ta zauna, ƙarshen kalmomin da ke nutsewa su fito. Wanda yawancin waƙoƙinsa da mawaƙi zai more ta. Wanda kiɗa zalla yake yi, ya fara da Pro-Q, kwamfuresar ta jira. FabFilter suna ba da gwajin kwana 30, kuma in za ka gwada, ka buɗe tsohuwar waƙar da ƙasanta ya taɓa ba ka wahala, ka sake mata kik da bes daga farko.