Janye takardar ficewa ko sake neman shiga: hanyoyi biyu na warware Brexit

Ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni 2016, inda kashi 51.9 suka zaɓi barin Tarayyar Turai, shawara ce a dokar Birtaniya. Majalisa ke da wuƙa da nama.

Kafin ficewa, hanyar mai sauƙi ce. Ranar 10 ga Disamba 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Birtaniya na iya janye sanarwarta ta ficewa a ƙarƙashin Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai ita kaɗai, da wasiƙa ɗaya, ba sai sauran ƙasashe sun yarda ba. Da ta yi haka, da ta tsira da kuɗinta na fam da rangwamen gudummawarta ga kasafin Tarayyar da Firayim Minista Margaret Thatcher ta samo a 1984. Wannan ƙofa ta rufe ranar 31 ga Janairu 2020, da Birtaniya ta fice.

Yanzu sai Sashe na 49 na neman shiga Tarayyar, kamar kowace baƙuwar ƙasa: a nema, Majalisar Dokokin Turai ta amince, dukkan ƙasashe 27 su sa hannu. Ƙasa ɗaya ta ƙi, magana ta tsaya. Nan wahalar take, domin sabbin mambobi kan ɗauki alkawarin karɓar kuɗin yuro, kuma rangwamen 1984 da wuya a sake ba ta shi.