Kaskar kaji: me ya kamata ka saya, me ya kamata ka bari a kan tebur?

Hausawa na cewa kaska ta mutu da haushin kifi. Kifin ya tsira, amma tsuntsun da ke cin kifin bai tsira ba. Akwai kaska mai taurin baya, Ixodes uriae, da ke bin tsuntsayen teku a ƙasashen ƙanƙara na arewa da kudancin duniya. Akwai kuma mai laushi, Ornithodoros capensis, a tsibirai masu zafi; idan ta yi yawa, tsuntsu kan gudu ya bar sheƙarsa. Mu a Tahoua ba mu da teku, amma ƴar'uwar wannan mai laushin, wato kaskar kaji, Argas persicus, tana cikin akurkinmu, kuma halinsu ɗaya: da rana tana tsagar bango, da dare ta fito ta sha jini ta koma.

Rashin sanin wannan ya sa bara na yi asarar kaji. Wani mai tebur ya miƙo mini kwalba mara takarda, ya ce, "Malam, shafa musu kawai." Na shafa, kajin suka galabaita, kaskar kuwa tana bango ko gezau.

Don haka abin da za ka fara saye shi ne fitila mai haske sosai. Bayan isha'i ka haska bango da sandar da suke kwana. Babbar kaskar a baje take kamar kuɗin cizo, ƙafa takwas, ba ka ganin kanta ta sama, saɓanin ta shanu. Ɗaga fiffike: ƴaƴanta masu ƙafa shida suna nan a manne, baƙi-baƙi kamar ƙwayar gero, suna yin kwanaki kafin su faɗo. Abin da ya taru a zanko da gefen ido kuwa ƙuma ce, mai gudu cikin gashi kuma kwarkwata.

Maganin fesawa mai cypermethrin ko deltamethrin shi ne zaɓina na farko, a saye shi a shagon maganin dabbobi, cikin kwalbarsa ta asali, a duba ranar lalacewa. Kwalbar da ta wuni a rana a bakin titi, ko da araha, a bar ta. Bango za a fesa, ba kaza ba: a fitar da kaji da kaskon ruwa da na abinci, a kai bakin famfon har cikin tsaga, a jiƙa itacen rufi da gindin sanda. Feshi ɗaya ba ya isa, domin ƙwanta na ɓoye suna jiran ƙyanƙyashewa. A sake bayan mako ɗaya zuwa kwana 10. Mai sayen kwalba ya lissafa zagaye na biyu tun farko.

Garin magani, irin na barbaɗawa, ya fi dacewa da kwarkwata. Yana taimakawa a kan ƴaƴan kaskar da ke jiki, amma ba ya kai wa ga iyayen. Toka da ganyen bedi ma haka: suna rage damuwa, ba sa raba ka da ita.

Biyu ne nake roƙon kowa ya kauce musu. Piya-piya, wato dichlorvos, guba ce mai shiga ta fata da numfashi, ga yara suna shiga akurki ɗaukar ƙwai. Sai fipronil, na karnuka da kyanwa, wanda ke sauka cikin ƙwai. Shi ne ya sa aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai a 2017. Maganin wankan shanu ma kada a kimanta shi da ido a kan kaza, a tambayi likitan dabbobi, a kuma tambaye shi kwana nawa za a dakata da cin ƙwai da nama.

Abin da ya fi kowace kwalba amfani a gidana shi ne yaɓe. Wannan kaska tana iya shekaru ba ta ci ba, shi ya sa kwashe kaji na wata ɗaya ba ya kashe ta. Na toshe tsagogi da siminti, na shafa farar ƙasa, na ƙone tsoffin sanduna masu ɓawo, na rataye sababbi da waya don kada su taɓa bango. Wanda akurkinsa na kara ne, ƙone shi a yi sabo ya fi sauƙi.

Idan kaza ta fara zawo kore, ƙafa ta mutu, feshi ba zai tashe ta ba. Kaskar tana ɗauke da ƙwayar cuta, Borrelia anserina, kuma alamunta na kama da na annobar Newcastle, wadda rigakafi ne maganinta. Nan sai likita.

Kaza ko zabuwar da ka sayo a kasuwar Lahadi, kada ta kwana da naka a daren. Ka ware ta a keji nesa da akurki kwana 10, ka shimfiɗa buhu a ƙasa, abin da ya faɗo ka haɗa da buhun ka ƙone.