Famfon mai na kasuwa a Hilux 2.7: famfon ya yi, tiyon cikin kwalin ya ɓata aikin

Sharhin nan a kan famfon man nan ne mai araha da ya cika shagunan kayan gyara, wanda ake sayarwa a madadin na asali na kamfanin Denso ga tsohuwar Hilux mai injin fetur 3RZ, lita 2.7. Kun san shi, kun san kuɗinsa. A cikin kwalin akwai famfon, da rariya, da guntun tiyo, da kilif biyu, da soket mai waya.

Tsakani da Allah, famfon kansa ya ba ni mamaki. Motar da na ɗaura wa shi tana shaƙewa a kan hawa, tana fizga idan an taka totur da kaya a baya, in ta ɗauki zafi ta mutu, sai ta huce ta tashi. Waɗannan alamu kaɗai ba su isa a yanke wa famfo hukunci ba, domin toshewar filta da lalacewar rile, wato ɗan makunnin da ke ba famfo wuta, duk haka suke yi. Saboda haka sai da na duba fiyus ɗin EFI, wato na tsarin da ke fesa wa inji mai, da rilen famfo, na auna wutar da ke isa soket ɗin tanki, na canza filtar da ke jikin inji a ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, sannan na ɗaura gejin auna matsin mai. Kada kuma rashin jin kukan famfo lokacin da aka murɗa makulli ya ruɗi kowa: Toyota irin wannan ba ta ba famfo wuta sai inji ya fara juyawa. Abin da ake nema shi ne matsin mai tsakanin psi (ma'aunin matsi) 38 da 44 idan an cire tiyon iska daga regiyuleta, wato abin da ke daidaita matsin man, kuma bayan an kashe inji da minti 5 kada ya sauka ƙasa da psi 21. Tsohon famfon bai kai ko kusa ba. Sabon ya hau daidai, ya riƙe matsin bayan an kashe, ba ƙara, ba kuka. A wannan gaɓar da an tambaye ni, da na ce a saya ido rufe.

Ba a daɗe ba motar ta dawo da ciwo iri ɗaya, har ma ya fi na da. Da safe sai an yi ta murza sitata kafin ta kama, a hanya kuma ba ƙarfi ko kaɗan. Geji ya nuna matsi ƙasa, kuma ana kashe inji allurar take faɗuwa nan take. Na matse tiyon da ke mayar da mai tanki na ɗan lokaci, matsin bai tashi ba, ke nan regiyuleta ba ta da laifi. Wuta na isa, famfo na juyawa, waje ba yoyo. Mai yana zubewa ne a wani wuri cikin tankin.

Da aka zaro famfon sai ga abin a fili. Guntun tiyon nan da ke haɗa bakin famfo da bututun ƙarfe ya kumbura, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, ya tsage daf da kilif. Famfon na turo mai, mai na fita ta tsagar yana komawa tanki. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya san aikin: tiyon mai na gama-gari cikinsa kaɗai aka yi don ya jure fetur, bayansa an yi shi ne don iska da ƙura. Wanda zai zauna tsundum cikin tanki dole ya zama mai lamba SAE 30R10, wato lambar tiyon da ke jure fetur ciki da waje. Wanda suka saka a kwalin ko rubutu babu a jikinsa. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Mai ƙera famfon cikin tanki ya san sarai inda tiyon zai zauna, amma ya ɗauki wanda bai dace ba ya jefa a kwali don ya rage 'yan kuɗi kaɗan.

Wanda bai taɓa aikin ba ba zai gane girman ɓarnar ba. Hilux ba ta da ƙofar famfo a ƙarƙashin kujera kamar ƙananan motoci. Ko a sauke tanki, ko a ɗaga bodin baya. A cire rilen famfo a bar inji ya mutu da kansa don matsi ya sauka, a cire kan batir na nagatif, a zuƙe mai, a kwance tiyon zuba mai da na numfashi, a tokare tanki da jak a kwance notinan da suka riƙe shi, a sauke a hankali kada a tsinke wayar gejin da ke nuna yawan mai. Duk wannan a wuri mai iska, ba sigari, ba walda a kusa. An yi shi sau ɗaya don famfo, an sake yi don guntun roba da bai kai tsawon yatsa ba. Kuɗin aiki ninki biyu, ga gasket ɗin bakin tanki da ba a so a maimaita shi, ga mota a ajiye ba ta neman kuɗi.

Da na sake duba sauran kayan da idon zargi, sai wasu abubuwan suka fito. Kilif ɗin irin mai haƙori ne da ke cin roba, ba irin mai santsi na injin nozul ba. Rariyar ta fi ta asali ƙanƙanta, kuma da irin man da ake sha a jarka a bakin hanya, mai ruwa da yashi, ba za ta daɗe ba ta toshe ta bar famfo yana ja da ƙyar har ya ƙone. Wayar soket ɗin ma siririya ce, na ajiye ta na bar ta asali.

An saka tiyo mai lambar da ta dace da kilif masu kyau, an wanke tankin, famfon nan dai shi ne a ciki, matsi ya koma inda ya kamata. To amma yardar da na yi masa da farko ta ragu ƙwarai, domin wanda ya yi ha'inci a abin da ido ke gani, ban san me ya yi a burushi da bawul ɗin da ke ciki ba. Mai motar haya ko mai doguwar tafiya ya ƙara kuɗi ya nemi na asali. Wanda aljihunsa ya tilasta masa wannan, ya ɗauki famfon kaɗai, ya zubar da tiyon da kilif ɗin tun a shago, kuma kada ya riƙa barin mai ya yi ƙasa da kwatan tanki, don man ne ke sanyaya famfon.